Regileta mai bar 4 a Golf 4 GTI da aka sa wa K04: in saka ko in bari?

Mai GTI:
Assalamu alaikum. Manyanmu, ina neman shawara kafin in kashe kuɗi. Motata Golf 4 GTI ce, injin 1.8T mai lamba AUQ, wanda ya fito daga kamfani da ƙarfin doki 180. Tun bara nake tara mata kaya a hankali. Turbon asali, K03s, ya fara zubar da baƙin mai, sai na canza shi da babban turbo K04 irin wanda yake zama a mazaunin tsohon ba tare da an yanka komai ba. Na sa babbar intakula, mai sanyaya iskar turbo, a gaba, an faɗaɗa bututun salansa daga bakin turbo, an kuma rubuta wa ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutarsa, sabuwar manhaja. Nozul na asali ne, famfon mai na asali ne, regiletar mai, wato mai daidaita matsin fetur, ita ma ta asali ce, mai matsin bar 3.

A giya ta ɗaya da ta biyu ba ta da laifi. Amma a ta uku ko ta huɗu, in na take totur har ƙasa, tana ja da kyau har allurar juyin injin ta kai 5,000, daga 5,500 sai ta fara shaƙewa kamar wani ya riƙe ta ta baya. Ranar Asabar a hanyar Zariya, bayan na wuce Kwanar Dangora, ta yi min haka sau biyu, a na biyun har fitilar injin ta yi ta ƙiftawa. Bakanikena ya ce mai ne ba ya isar ta, in je kasuwar Ƙofar Ruwa in sayo regileta mai bar 4 ta Audi A4 ko Passat, minti goma an gama. Kuɗinta ba wani mai yawa ba ne, amma raina bai kwanta ba. In saka?

Oga Panteka:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, bakanikenka bai faɗi ƙarya ba. Da hannuna na sa wa Golf 4 guda uku wannan regiletar, kuma duk suna kan titi har yau. Kilif ɗaya ne yake riƙe da ita a ƙarshen layin nozul. Ka zare shi, ka ciro tsohuwar, ka shafa wa robobin sabuwar ɗan mai, ka danna ta ta zauna. A jikinta za ka ga an buga bar 4, kada ka karɓi wadda rubutun ya goge. K04 ya fi K03 tura iska, kuma in iska ta ƙaru dole mai ya ƙaru.

Baba Mai Gareji:
Yaro, kafin komai ka daina take ta har ƙasa daga yau. Fitilar da ta ƙifta tana gaya maka akwai silindar da ke tsallake wuta. Shekara uku da suka wuce an jawo min wata irin taka da igiya. Da muka ɗaga kan injin, fistin na uku gefensa ya narke kamar an ɗiga dalma, fulogin ya yi fari fat, ƙarfen bakinsa ya cinye. Mai ita da irin wannan shaƙewar ya fara, ya yi wata biyu yana cewa gobe zai kawo ta.

Ka amsa min abu biyu. Yaushe rabonka da canza filtar mai? Famfon da ke cikin tanki kuma, ka taɓa ganinsa da idonka?

Mai GTI:
Baba, filta ban taɓa canzawa ba tun da na sayi motar, shekara huɗu ke nan. Famfo ma ban taɓa sa an buɗe ba. Na ji, ba zan sake take ta ba.

Injiniya:
Oga, ina girmama hannunka, amma a wannan motar ina ganin akwai haɗari a shawarar, kuma zan faɗi dalili.

Regileta ba ta haifar da matsi. Famfo ne yake turo mai daga tanki, ita kuma tana tsaye a bakin hanyar komawa. Tana toshe hanyar har matsi ya kai inda aka saita ta, abin da ya yi rara ta sake shi ya koma tanki. In famfo bai turo rara ba, ba ta da abin riƙewa, ko ta bar 10 aka saka.

Sannan ku dubi ɗan siririn tiyon nan da ya fito daga kanta ya shiga manifol, bututun da ke raba iska ga silinda. Bakin nozul a cikin manifol yake, to abin da ke fesa mai shi ne tazarar da ke tsakanin matsin mai da matsin iskar da ke gabansa. Tiyon nan shi yake sanar da regileta halin da manifol ke ciki don tazarar ta zauna a bar 3 kullum. In mota na tsaye tana silo, manifol na zuƙa, matsin mai ya sauka wajen 2.5. In turbo ya tura bar 1.3, dole matsin mai ya hau 4.3. Ka sa mai bar 4, ya zama kana neman 5.3 daga famfo. Kowane famfo kuwa, duk yadda matsi ya hau, yawan man da yake iya turowa raguwa yake yi. To in famfon ɗan'uwanmu ne ya gaji a 4.3, ka ga mun ƙara masa kaya daidai wurin da yake durƙushewa.

Ribar ma ba ta kai yadda ake zato ba. Daga 3 zuwa 4 ƙarin kashi 33 ne a matsi, amma a fesa mai kashi 15 ne da 'yan kai, domin sai ka ninka matsi sau huɗu kafin feshi ya ninka sau biyu. Nozul ɗin AUQ wajen cc 315 suke bayarwa a minti a kan bar 3. A bar 4 za su koma wajen 364.

Mai GTI, tambayata gare ka: wanda ya rubuta maka manhajar, a kan wane matsi da wane nozul ya rubuta ta? Akwai masu tsara K04 a kan bar 4 da nozul na asali, akwai masu tsarawa a kan bar 3 da nozul na Audi TT mai doki 225, masu cc 386. In ba ka sani ba, ka kira shi yau.

Oga Panteka:
Injiniya, lissafinka daidai ne a takarda. Amma ka manta AUQ sensar salansarsa irin mai waya biyar ce, tana karanta haɗin mai da iska ko da totur na ƙasa. In mai ya yi yawa ƙwaƙwalwa za ta rage da kanta. Shi ya sa waɗanda na sa wa ba su dawo min da ƙorafi ba.

Injiniya:
Ban manta ba, kuma gaskiyarka ce. Ƙwaƙwalwar AUQ, wato Bosch ME7.5, za ta lura mai ya yi yawa, ta koyi rage shi da kamar kashi 13. Mota za ta yi tafiya. Sai dai wannan damar gyaran da kamfani ya ba ta tana da iyaka, wajen kashi 25, kuma an ba ta ne don tsufan sensa, da ɗan yoyon iska, da bambancin fetur. Kai ka cinye rabinta tun kafin wani abu ya lalace. Ranar da sensar ta mutu kuma abin da ƙwaƙwalwar ta koya ya goge, sai ta koma fesa ƙarin kashi 15 ɗin nan gaba ɗaya. Fulogi ya yi baƙi, fetur ya wanke man da ke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Ka zaro ma'aunin mai ka ji yana warin fetur.

Kuma mu yi hattara, domin masu karanta wannan ba duka AUQ gare su ba. Yawancin 1.8T na farko, kamar AGU mai totur na waya, sensarsu ta tsohon yayi ce, in ka take har ƙasa ƙwaƙwalwa ba ta sauraron ta. Abin da aka rubuta shi take fesawa, daidai ko ba daidai ba.

Mai Passat:
Ku yi haƙuri in shigo. Tawa Passat B5 ce 1.8T, kuma da bar 4 ta zo daga kamfani. In akwai haɗari me ya sa Jamusawa suka saka?

Baba Mai Gareji:
Malam, su da suka saka sun zaɓi nozul da famfo da manhaja da suka dace da ita, duk a tare. Ba regiletar ce mai laifi ba. Taka ka bar ta yadda take.

Ɗan Jos:
Ni dai abin da zan roƙe ka, in ma za ka canza, kada ka kusanci waɗannan masu launi-launi da ake juya kansu da sufana, masu ɗan geji a jiki. Na saya wa tawa ɗaya, ja, mai kyan gani, mai shagon ya rantse min ta waje ce. Wata biyu ta yi. Wata safiya na yi ta murza makulli da ƙyar ta tashi, da ta tashi kuma baƙin hayaƙi ya cika gidan, har mai ɗakina ta fito da yara daga ɗaki don wari. Ashe robar da ke cikinta ce ta yage, fetur yana bi ta ɗan tiyon nan yana zuba kai tsaye a manifol. Da na zare tiyon sai ga fetur yana ɗiga a yatsana, ga turbo da zafi a bayan injin. Allah ne ya tsare. Tun ranar na mayar da Bosch ɗina ta asali da na jefa a but.

Baba Mai Gareji:
Allah ya ƙara tsarewa. Wannan da ka yi shi ne gwajin farko ma, kuma kyauta ne. Mai GTI, ka zare tiyon daga kan regiletar ka shinshina. Ya kamata ya kasance a bushe. Ka bi shi kuma da yatsa har inda ya shiga manifol, domin zafin injin nan yana gasa ƙananan tiyo su tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. In ya tsage ko ya kuɓuce lokacin da turbo ke turawa, matsin mai zai tsaya a 3 alhali iska ta hau. Ka ga tazarar ta koma bar 1.7 kacal. Tiyon naira kaɗan ya isa ya cinye fistin.

Injiniya:
Madalla da Baba. Ga sauran gwajin. Ka nemi gejin matsin mai a haɗa shi a layin da ke shigowa. Mota na silo, ka ga wajen 2.5. Ka zare tiyon ka toshe shi da yatsa, allura ta hau 3. Ka kashe mota ka jira minti goma, kada matsin ya zube nan take. Amma duk wannan a tsaye ne, kuma famfon da ya gaji yana iya cin wannan jarrabawar. Inda ake kama shi a kan hanya ne, a giya ta uku, daga 2,500 zuwa sama. Matsin mai ya bi matsin turbo ƙafa da ƙafa, bar 3 a samansa, har ƙarshe.

In za ka samu mai VCDS, manhajar karanta ƙwaƙwalwar motocin Volkswagen, ya zauna a gefenka da kwamfuta, ya ɗauko waɗannan rukunan: 002 don lokacin buɗewar nozul da yawan iskar da ke shiga, 031 don lamdar da ƙwaƙwalwa ke nema da wadda ake samu (lamda ma'aunin haɗin mai da iska ce, in ta hau mai ya yi ƙaranci), 020 don yadda take janye wuta, wato jinkirta tartsatsin fulogi, saboda ƙwanƙwasar injin, 115 don matsin turbo, 032 don gyaran da ta koya. A 115 ka tuna lambar ta haɗa da nauyin iskar duniya, sai ka cire kusan milibar 1,000, wato bar 1, kafin ka san abin da turbo ya ƙara.

Baba Mai Gareji:
Kuma kada a shigo da gejin cikin mota. Tiyon fetur mai matsi ba ya shiga inda mutane ke zaune. A fito da shi ta gefen bonet a manna shi da salatif a gilashin gaba ta waje, na gefe ya karanta, kai idonka na kan titi. Kafin a kwance kowane layi a cire fiyus ɗin famfo a bar mota ta mutu da kanta, a sa tsumma, injin a sanyaye, abin kashe gobara a kusa. Ja ɗaya ya isa, da sassafe, inda babu mutane. Da ka ji ta fara shaƙewa ka ɗaga ƙafa, ba sai ka kai ƙarshe ba.

Mai Golf 5:
Tawa GTI ce ta 2007 mai 2.0 TFSI. Wannan maganar ta shafe ni?

Injiniya:
A'a, taka wata duniya ce. Tana fesa mai kai tsaye cikin silinda, da famfo na biyu a kan injin da kamshaf ke bugawa, matsinsa yana haura bar 100. Abin da za ka riƙa dubawa shi ne ɗan kofin ƙarfen da ke tsakanin famfon da kamshaf, yana cinyewa.

Mai GTI:
Salamu alaikum. Na dawo bayan kwana huɗu, ga abin da aka samu.

Mai manhajar ya ce a kan bar 3 da nozul na asali ya rubuta. Tiyon regileta a bushe yake, bai tsage ba. A tsaye komai daidai: 2.5 da tiyo, 3 ba tiyo. Rukuni na 032 ya nuna ƙarin kashi 4, mai kwamfutar ya ce wannan ba matsala. Har bakanikena ya ce ka gani, famfo lafiya yake.

Jiya bayan asuba muka fita. Turbo ya tura 1.3, gejin mai ya hau 4.3 a wajen 3,500. Daga 4,800 sai allurar ta fara sauka a hankali, ina jin abokina yana karanto min, 4.1, 3.9, kafin 5,600 ta kai 3.6 alhali turbo bai sauka ba. Nan na ɗaga ƙafa. Ƙwaƙwalwa na neman lamda 0.80, ana samun 0.90. A rukuni na 020 silinda biyu sun janye wuta digiri 8 da 9.

Da muka dawo aka ciro filtar daga ƙarƙashin mota, kusa da tayar baya ta dama. Da aka juya ta ta baya, ruwan da ya fito kalar shayi mai kauri ne. Na sa aka tsaga ta da zarto. Takardar ciki ta yi baƙi ta manne, ga garin tsatsa da wani abu kamar laka a ƙasanta. Na daɗe ina kallon ta a hannuna, shekara huɗu motar nan tana shan mai ta wannan.

Baba Mai Gareji:
Alhamdu lillahi da ka ɗaga ƙafa. Filtar nan ba ta ba ni mamaki ba. Duk wanda ya taɓa shan man jarka a hannun 'yan bumburutu lokacin layi, abin da ke ƙasan jarkar yana tankinsa. Motarka ma ta ga watan Fabrairun 2022, lokacin da gurɓataccen fetur mai yawan methanol ya shigo ƙasar nan. Sannan tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, mutane lita biyar-biyar suke sha, tanki kullum a ƙasa. Famfon nan fetur ɗin da yake ninƙaya a ciki ne yake sanyaya shi. Ban taɓa canza famfo da yawa kamar waɗannan shekarun ba.

Kada ka tsaya a filta. Ka ɗaga kujerar baya a ciro famfon. Wanda ya yi shekaru yana tura mai ta toshasshiyar filta ya riga ya wahala, kuma rariyar da ke gindinsa ma za ka tarar ta cushe. A leƙa cikin tankin da tocila tun da an buɗe.

Injiniya:
Ku dubi lambobin nan da kyau. A 5,600 matsin mai 3.6, turbo 1.3, tazara ta koma 2.3 a maimakon 3. Wannan ya rage feshi da kamar kashi 12, kuma kusan daidai da giɓin da aka gani tsakanin 0.80 da 0.90. A wannan lokacin regileta ta riga ta rufe ƙofarta ruf, babu abin da ke komawa tanki, mai ne kawai bai iso ba. Da an sa mai bar 4, da ita ma rufewa za ta yi ta zauna, allura ta sauka wuri ɗaya. Abin da ya fi muni, ƙwaƙwalwa za ta koyi rage mai a tafiyar gari inda matsi ke da yawa, ta ɗauki wannan ragin ta hau da shi sama inda babu matsin.

Oga Panteka:
Na karɓa. A wannan motar famfo ne, kuma da na sa geji da na gani. Amma ƙanena, tun da za ka buɗe tanki, ka sa babban famfo Walbro 255 ka huta gaba ɗaya.

Injiniya:
Ba laifi in an samu na gaske, sai dai jabunsa ya cika kasuwa, kwali da tambari duk iri ɗaya. Kuma doki 220 irin na wannan motar ba ya buƙatar lita 255 a awa, bai ma kai lita 80 ba. Sabon famfo mai kyau irin na motar zai iya. In an sa babba, a lura da abu biyu. Yana jan wuta fiye da na asali, to a auna wutar da ke isa gare shi mota na aiki, tsofaffin wayoyi da rile suna cinye ta a hanya. Sannan a sake duba geji a silo. In ya tsaya sama da 2.5 ya ƙi sauka, famfon ya fi ƙarfin ƙofar regileta ko layin komawa. To a nan ne ake da hujjar neman babbar regileta, kuma ko ita a bar 3 za a saita ta.

Mai GTI:
An gama jiya. Sabuwar filta, sabon famfo irin na motar, an wanke tanki. Rariyar tsohon famfon ta yi baƙi kamar yadda Baba ya faɗa. Yau da safe muka sake fita. Gejin ya hau 4.3 ya zauna, bai motsa ba har 6,200. Shaƙewar ta tafi, wallahi kamar ba ita ba. Lamda 0.81 a kan 0.80. Iska giram 175 a sakan. Amma mai kwamfutar ya nuna min lokacin nozul ya kai milisakan 18.3 a 6,200, ya ce in tambaye ku. Janye wuta ya sauko zuwa digiri 3.

Injiniya:
Ya yi daidai da ya ce ka tambaya. A juyi 6,200, injin yana kammala zagayensa na juyi biyu a milisakan 19.4. Nozul ɗinka a buɗe suke 18.3 daga ciki, wato kashi 94 zuwa 95 na lokacin. Ka bi ta ɗaya hanyar ma a nan za ka sauka: giram 175 na iska a lamda 0.80 yana son kusan giram 15 na fetur a sakan, ka raba huɗu, kowane nozul wajen cc 296 a minti, daga 315 da yake da su. Masu wannan aiki ba sa son a wuce 85. Motar tana samun abin da take so yau, amma ba ta da ajiya. Ranar da ƙwaƙwalwa ta nemi ƙarin mai don sanyaya turbo a doguwar tafiya, ko sanyin hunturu ya sa iska ta yi nauyi, babu inda za ta samo.

Oga Panteka:
To Injiniya, mun dawo inda na fara ke nan. Nozul sun cika. A sa bar 4, su koma 364, lokacin buɗewarsu ya sauko zuwa kashi 81. Kuɗin regileta ɗaya ina, kuɗin nozul huɗu ina?

Injiniya:
Yanzu kam maganarka ta samu wurin zama, Oga, da sharaɗi biyu. A gyara manhaja ta san an canza: a ME7 akwai lambar da ake kira KRKTE wadda ke gaya mata girman nozul, da teburin jinkirin buɗewarsu, domin nozul yana ƙara nauyin buɗewa in matsi ya hau. Sannan a sake manna geji a gilashi a ga sabon famfon ya riƙe 5.3 har sama. Ni dai da tawa ce, nozul na TT zan nema in zauna a bar 3. Lokacin buɗewarsu zai sauko zuwa wajen kashi 77, famfo bai ƙara wahala ba, tsofaffin tiyo da robobi masu shekara sama da 20 ba su ga ƙarin matsi ba. Ko wanne aka zaɓa, sai an koma wurin mai manhaja.

Oga Panteka:
Nozul na TT a kasuwarmu ba ka samu sai na Beljiyam, kuma ba ka san shekara nawa suka yi a kwandon mai shago ba. Na taɓa karɓar huɗu, a na'ura ɗaya yana fesawa kamar bakin buta, ɗaya yana ɗiga bayan an kashe. Nozul ɗaya mai rauni ya fi haɗari, domin sensa jimillar silinda huɗu take karantawa, ba za ta gaya maka ɗaya na ƙishirwa ba. Nasa na yanzu aƙalla mun san halinsu.

Baba Mai Gareji:
Ku biyun duk kuna neman yadda za a ƙara mata mai. Ni digiri 3 ɗin nan nake kallo, kuma da sanyin safiya aka same shi. Injin nan an yi shi ne don fetur mai oktan 95 zuwa 98, abin da muke sha a gidajen mai bai kai can ba. A watan Afrilu zafin Kano yana haura 40, kwalta na tururi, intakula tana shaƙar iska mai zafi. Ranar nan digiri 3 zai zama 6 ko 7. Yaro, ka ce wa mai manhajar ya sauko da matsin turbo zuwa bar 1.1. Iska ta ragu, nozul su samu numfashi, ƙwanƙwasa ta ragu, konrod ma su huta, don na injin nan ba sa son duka mai ƙarfi tun juyi na ƙasa. Dokin da za ka rasa ba za ka ji shi tsakanin Kano da Zariya ba.

Mai GTI:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi waya da mai manhajar, ranar Talata zai sauko da ita 1.1 kamar yadda Baba ya ce, mu sake ɗaukar 002 da 020, wannan karon da rana tsaka. Regiletar bar 3 tana nan a wurinta. Zan sa a nemo min nozul na TT a kasuwar Ladipo ta Legas, in an samu masu kyau in koma 1.3 bayan damina ta sauka. In ba a samu ba, zan bi ta Oga, bar 4 da gyaran manhaja da geji a gilashi.

Oga Panteka:
In sun iso kada ka ɗaura su kai tsaye. Ka ba direban Kaduna ya kawo min, in ɗora su huɗun a na'ura a gabansa, in ɗauko maka bidiyon kwalaben ka ga ko sun cika daidai. Ka ce wa mai sayarwar a kan haka za ka biya, kuma ya haɗo da sababbin robobi na sama da na ƙasa.